Nutso da dare a kan tsaunin murjani: tocila, iska da bin jagora

Wanda ya saba nutso da rana yakan ɗauka na dare ma haka yake, tocila kawai aka ƙara. Kayan kam kusan ɗaya ne: tulun iska a baya, regileta (na'urar shaƙar iska) a baki, falmaran mai hurawa don daidaita tsayuwa a ruwa, darma a ƙugu, gilashin fuska da takalman ninƙaya. Abin da ya canja shi ne faɗin abin da ido yake kamawa. Da rana, a ruwa mai tsabta, kana hangen mita 20 ko 30 ta kowane ɓangare, ka san inda jirgi yake, ka san inda abokinka yake. Da dare kuwa iyakar ganinka inda hasken tocilarka ya sauka. Da ita kake gani, da ita kake magana, da ita ake gane kai ne, kuma da ita kake iya cutar da halittun da ka zo kallo. Shi ya sa kaso mai yawa na wannan bayani a kanta zai tsaya.

Me ake zuwa gani? Murjani dabba ne, ko da yake da rana kamar dutse yake. Kowane curi tarin 'yan ƙananan halittu ne, kowace da baki ɗaya da 'yan hannaye kewaye da shi. Da rana yawancinsu a tsuke suke, gansakukar da ke cikin jikinsu ce ke haɗa musu abinci da hasken rana. Idan duhu ya shiga, filankton, wato ƙananan halittun da ke yawo cikin ruwa, sai su taso daga ƙasa, murjanin ya miƙo hannayensa yana cafke su. Curin da ka wuce da hantsi ba ka ko kalle shi ba, sai ka tarar da shi ya yi gashi buzu-buzu yana motsi. Ga kuma launi. Ruwa yana shanye jan launi tun a mita biyar na farko, sannan ruwan goro da ɗorawa su biyo baya, shi ya sa da rana komai a ƙasa shuɗi-shuɗi ne. Tocila a kusa tana mayar wa kowane abu launinsa na ainihi.

Wurin da za a shiga da lokacinsa

Jagoran da ya san aikinsa ba ya kai mutane sabon wuri da dare. Wurin da aka riga aka shiga da rana ake komawa, mai zurfin mita 8 zuwa 15, wanda ruwa ba ya ja sosai, mai yashi a ƙasa ko gangare mai sauƙi. Bangon murjani da ya zarce zuwa zurfin da ba a ganin ƙarshensa ba wurin ɗan koyo ba ne. Idan har an ba ka zaɓi, ka shiga wurin da rana a yinin nan, ka riƙe alamu biyu ko uku: babban curin murjani, layin yashi, inda igiyar jirgi take ɗaure.

Lokacin da na fi so a shiga shi ne daidai faɗuwar rana. A ƙasashen zafi almuru gajere ne, minti ashirin zuwa talatin duhu ya rufa. In aka shiga a lokacin, an haɗa kaya da sauran haske, an sauka ana ganin ƙasa, duhun ya zo a hankali ido da zuciya suna sabawa. A wannan tsakanin ne kuma ake canjin aiki a kan murjani: kifayen rana suna neman ramukan kwana, mafarauta suna fitowa.

Takardar shaidar nutso ta matakin farko, wadda ke ba da izinin zuwa mita 18, ita ce mafi ƙarancin abin da ake nema. Ƙungiyar PADI mai koyar da nutso tana da kwas na musamman na nutson dare, nutso uku ne, kuma ana karɓar mai shekara 12 zuwa sama. Takwararta SSI ma tana da irinsa. Amma takarda daban, iya tsayuwa a ruwa daban. Wanda har yanzu yake hawa da sauka ba da son ransa ba da rana, yana dafa ƙasa da hannu, to ya ƙara gyara hannunsa kafin ya je da dare, domin abin da zai dafa a duhu mai ƙaya ne.

Tocila biyu da fitilar tulu

Kowa ya riƙe tocila biyu, babba a hannu, ƙarama a aljihun falmaran ko a maƙale a ƙirji inda hannu zai same ta ido a rufe. Babbar mai lumen (ma'aunin ƙarfin haske) 500 zuwa 1000 ta wadatar. Mutane suna son sayen mai lumen dubu uku ko huɗu, amma a ruwa mai ƙura hasken dawo maka yake yi a ido, ya kori dabbobi, ya makantar da abokan tafiya. Mai siririn haske ta fi mai baje haske amfani wajen yin ishara, domin ana ganin inda ta nuna. Mai baje hasken ta masu ɗaukar bidiyo ce. A ɗaure babbar da igiya a wuyan hannu: tocilar da ta suɓuce tana nitsewa, kuma mutum ba ya sanin sa'ad da zai bi ta ƙasa.

Abin da ya fi kashe tocila shi ne ruwa ya shige ta, kuma kusan kullum ta zoben roban da ke bakin murfi yake shiga. Silin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi a kan zoben ya isa. Kafin a rufe, a ciro zoben da yatsa ko gefen katin roba, ba da wuƙa ba, a goge, a duba ko ya tsage, a shafa masa giris na silikon ɗan kaɗan yadda zai yi sheƙi kawai. Giris da yawa shi ne ma ke kama yashi. Batir ya zama cikakken caji, kuma ya iya ɗaukar ninki biyu na tsawon nutson. Masu tocilar da ake kunnawa da murɗa kai su kula: in ka murɗa ta baya da yawa a cikin ruwa, buɗe ta ka yi.

Sai fitilar tulu, 'yar ƙarama da ake ɗaurawa a wuyan tulun don a gan ka ta baya. Mai batir ta fi sandar sinadari da ake karyawa, wadda sau ɗaya ake amfani da ita ta zama shara. Jagora yakan sa launi daban da na kowa, ko ya ɗaura biyu. Ka tabbata ka san launinsa tun a jirgi. A wuraren da jirage da yawa ke taruwa, bin wata tawagar da ba taka ba har zuwa jirginsu abu ne da ke faruwa a kai a kai, kuma dalilinsa ke nan.

Ko ruwan da ɗumi, a sa rigar roba mai rufe hannu da ƙafa, mai kaurin milimita 3 a ruwa mai digiri 27 zuwa 29. A Bahar Maliya lokacin hunturu, da ruwa ke sauka wajen digiri 21 ko 22, sai mai milimita 5 ko fiye. Nutson dare yakan zama na uku ko na huɗu a yini, jiki ya riga ya zubar da zafi, ga shi ba a motsi sosai, kuma ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu. Rigar kuma kariya ce daga harbi da ƙaya.

Maganar da ake yi da haske

Bayanin da jagora ke yi kafin a shiga ya fi na rana muhimmanci, don a ƙasa ba halin tambaya. Abin da ya kamata ka fita da shi: iyakar zurfi, iyakar lokaci (yawanci minti 45 zuwa awa ɗaya), ta wane ɓangare za a bar murjani a tafiya da dawowa, a bar nawa (ma'aunin matsin iskar tulu) za a juya, me za a yi in an rabu, da irin fitilar da ke nuna jirgi.

Zana da'ira da haske a ƙasa, a inda abokinka yake kallo, tambaya ce: lafiya? Shi ma ya zana da'ira, lafiya lau. Kaɗa haske a hankali gefe da gefe, ina son ka dubo ni. Kaɗawa da sauri, akwai matsala. Wasu cibiyoyin suna bambanta gefe da gefe da sama da ƙasa, don haka a daidaita a jirgi. Isharar hannu kuwa sai ka kawo hannun gaban ƙirjinka ka haska shi, tocilar tana kallon jikinka. Kada ka haska fuskar kowa. Idon da ya saba da duhu in aka dalle shi, sai ya ɗauki mintuna kafin ya dawo, kuma a wannan lokacin mutum ba ya ganin gejinsa mai nuna sauran iskar tulu.

Saboda kaɗa haske magana ce, ka riƙe hannunka a natse. Wanda ke wulwula tocila ko'ina yana sa jagora ya yi ta juyowa yana zaton an shiga uku. Bugun tulu da ƙarfe yana jawo hankali, amma sauti a ruwa yana gudu fiye da sau huɗu na gudunsa a iska, kunne ba ya gane ta ina ya fito. Za a ji, ba za a san wane ne ba sai an ga haskensa.

Sauka da lissafin iska

A kunna tocila kafin a faɗa ruwa, kuma kada a kashe ta sai an dawo jirgi. Makunni ya fi lalacewa a lokacin kunnawa da kashewa. A sauka da igiya a hannu, ƙafa a ƙasa, kai a sama, haske yana duba inda za a dira, ana daidaita kunne tun daga mita na farko. Tsakiyar ruwa, inda ba a ganin sama ba a ganin ƙasa, nan ne jiri ke kama mutum, domin ido ya rasa abin da zai jingina da shi. In ya zo, ka riƙe igiya ko abokinka, ka kafa ido a kan kwamfutar nutso, na'urar hannu mai nuna zurfi da lokaci, ka haska kumfar numfashinka. Inda kumfa ta nufa nan ne sama. Yakan wuce cikin 'yan daƙiƙu.

Gejin iska fuskarsa tana riƙe haske: ka ɗora masa tocila daƙiƙa biyar, zai yi ta ƙyalli na ɗan lokaci. Ka duba shi duk minti biyar, fiye da yadda kake yi da rana. Ga lissafin. Tulu mai lita 12 da aka cika bar 200 yana ɗauke da lita 2400. A cire bar 50 na ajiya, saura lita 1800. Mai shaƙar lita 20 a minti a saman ruwa, a zurfin mita 10 zai sha lita 40, domin matsi ya ninka biyu. Minti 45 ke nan. In fargaba ta kai numfashinsa lita 25, ya koma minti 36. Kusan kowa iskarsa takan fi saurin ƙarewa a nutson dare na farko, kuma ba abin kunya ba ne ka gaya wa jagora ka kai bar 100 tun kafin kowa. Abin da ba shi da kyau shi ne ɓoyewa. Jagora hanya yake nunawa, ba ya ganin gejinka.

A kan murjani

A tafi a hankali, a hankali ƙwarai. Nutson dare mai kyau wani lokaci bai fi mita hamsin daga igiyar jirgi ba. Ka tsaya mita ɗaya sama da murjani, abokinka a nisan da hannu biyu za su haɗu. Ka riƙa haska ramuka: jajayen ɗigo biyu-biyu masu ƙyalli idanun jatan lande ne. Ƙaguwa da manyan jatan lande masu dogon gashin baki suna fitowa fili. Oktofus yana baje jikinsa a kan curi yana lalube da hannayensa takwas, launinsa yana canjawa. Kifin more mai siffar maciji, wanda da rana kansa kawai ake gani a rami, da dare yana yawo a waje gaba ɗayansa. Tauraron teku mai rassa, da yake dunƙule duk yini, yana hawa wuri mai tudu ya buɗe rassansa ya tari abin da ruwa ya kawo. A Bahar Maliya da tekun Indiya akwai jar dodon koɗi maras ɓawo da ake wa laƙabi da 'yar rawan Sifen, takan kai santimita 40, in ta tashi iyo gefen jikinta yana kaɗawa.

Masu barci kuwa a bar su. Wasu nau'o'in kifin aku suna saƙa wa kansu jakar majina su kwana a ciki, tana kare su daga ƙwarin da ke shan jininsu. In ka dame shi ya fasa jakar ya gudu, ya kwana a fili. Kunkurun teku da ke barci a ƙarƙashin dutse numfashinsa ya riƙe, in ya firgita sai ya yi sama a gigice ko ya yi karo da murjani. Ka haska gefensu da bakin hasken, daƙiƙa kaɗan, ka wuce. Wasu tocilolin suna da jan haske, wanda bai cika damun dabbobi da yawa ba.

Akwai wani abu da nake ganin jagorori ba sa nanatawa yadda ya kamata. Mafarauta sun koyi amfani da tocilar mutane. Kifin zaki a Bahar Maliya da manyan kifayen tafon a tsibirin Bonair na Karebiyan suna bin masu nutso, duk ƙaramin kifin da aka tsayar wa haske sai su kai masa sura. Wanda ya kafe kifi da haske shi ya miƙa shi. Da zarar ka ga mafarauci a gefenka, ka ɗauke haske daga kan ƙananan kifaye. Ga kuma haɗari gare ka: kifin zaki yakan matso har ƙarƙashin hannu, ƙayoyin bayansa kuwa masu dafi ne.

Kusa da ƙarshe jagora yakan tara mutane a kan yashi ya ce a rufe haske. Ba kashewa ake yi ba, manna gilashin tocilar ake yi a ƙirji. Sai ka kaɗa hannu cikin duhu, ruwa ya yi ta fitar da tartsatsi shuɗi-kore: wasu filankton ne masu ba da haske idan an motsa su. Ya fi fitowa a daren da babu farin wata.

Inda abu ke ɓaci

Bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi tana yawan raunata masu nutson dare. Da rana tana cikin rami, da dare ta fito kiwo a kan dutse da yashi, baƙa ce, ba a ganinta sai an haska. Ƙayarta tana huda rigar roba ta karye a cikin nama. Kafin gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, a haska wurin. In an soku, ko da ita ko da kifin zaki, a jiƙa wurin a ruwan zafi da fata za ta iya jurewa, kada ya wuce digiri 45, na minti 30 zuwa 90, a cire ƙayar da ta fito fili, wadda ta shiga gaɓa kuwa sai likita.

In babbar tocila ta mutu, ka tsaya inda kake, ka ciro ƙaramar, ka sanar da abokinka da jagora. Daga nan nutson ya ƙare gare ku, sai komawa, domin ba ka da wata a baya. In duka biyun suka mutu, ka kama hannun abokinka ku hau tare.

In ka rasa tawaga, kada ka yi ta iyo kana nema. Ka manna tocila a ƙirji, ka juya a hankali zagaye ɗaya kana duba sama da ƙasa, domin hasken wasu ya fi ganuwa idan naka a rufe yake. Minti ɗaya, in ba ka ga kowa ba, ka hau a hankali. Su ma abin da za su yi ke nan, a sama za a haɗu. Yawancin rabuwa daga mai kyamara take farawa: ya tsaya ɗaukar hoto, abokinsa ya bi jagora.

Tsutsotsin ruwa da filankton sukan yi dafifi a kan haske har su rufe maka gani. Ka rufe tocilar na ɗan lokaci, ko ka matsa kusa da hasken da ya fi naka ƙarfi, za su koma can.

Hawa shi ma da igiya, kada ya wuce mita 9 a minti, ido a kan kwamfuta, tunda babu abin da za ka auna saurinka da shi. A tsaya minti uku a mita 5. Jirage da yawa suna rataya fitila mai walƙiya a wannan zurfin. A Karebiyan da Hawai akwai jelifish mai siffar akwati, halitta mai harbi, da ke taruwa kusa da saman ruwa inda haske yake, musamman kwana takwas zuwa goma bayan cikar wata. Kafin ka ɓullo, ka haska sama, ka danna regiletar ajiya kumfa ta ture su, ka fita ba tare da jinkiri ba. Harbinsa ruwan khal ake kwarara masa, ba ruwan daɗi ba, kuma ba a murzawa. A saman ruwa ka hura falmaran, ka haska kanka da kanka don jirgi ya gan ka. Haska matuƙi a ido ba ya taimakon kowa. In jirgi da nisa, sa tocila a cikin doguwar balan-balan ta alama, duk za ta kama haske. Masu shiga daga gaɓa kuwa su kafa fitilu biyu a tudu, ɗaya a bayan ɗaya kuma sama da ita. In ka gan su a layi ɗaya daga ruwa, kana kan hanyar fita.

Dararen da ake jira

Wasu darare sai an bi wata. A babban tsaunin murjani na Ostareliya, 'yan kwanaki bayan cikar wata a Nuwamba ko Disamba, murjani iri-iri suna sakin ƙwai da maniyyi a dare ɗaya, ruwa ya cika da 'yan ƙwallaye ruwan hoda suna tashi sama. Masana ba su gano wannan ba sai a farkon shekarun 1980. A Karebiyan abin yakan faɗo a Agusta ko Satumba. A Bonair, kwana biyu zuwa biyar bayan cikar wata, jim kaɗan bayan duhu ya rufa, wasu ƙananan halittu masu ɓawo suna jera ɗigon haske a ruwa don neman abokan barbara, kuma ba a ganinsu sai kowa ya rufe tocila. A gaɓar Kona ta Hawai, masu nutso suna zama a ƙasa su ɗaga haske sama, filankton ya taru, manyan kifayen manta su zo suna juyi a kansu suna ci. A can doka ɗaya ce ba a sassautawa: ba a taɓa su, domin taɓawa tana goge majinar da ke kare fatarsu.

Bayan an fito, a ƙirga mutane da suna, ba da ido ba. A wanke tocila da ruwan daɗi tana rufe, a bari ta bushe kafin a buɗe, kada ɗigon gishiri ya faɗa kan batir. Wanda zai hau jirgin sama ya lissafa daga ƙarshen wannan nutson: awa 12 aƙalla bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere. Nutson da aka gama ƙarfe takwas na dare bayan wasu biyu da rana yana nufin ba tashi kafin ƙarfe biyu na rana washegari. Batiran litiyam kuma a jakar hannu ake sa su, a cire su daga cikin tocila, domin wadda ta kunnu da kanta a cikin kaya, babu ruwan da zai sanyaya ta, tana iya yin zafin da zai narkar da roba.